Ɗacin Hannun Waziri

Ku matso ku ji, jama'a, amma kada ku matse ni, don labarin nan na shekarar annoba ne.

A zamanin da, a wani birni mai ƙofofi bakwai, an yi wani sarki ana kiransa Sarki Nagoma. Adali ne, mai jin ƙan talakawa, sai dai kunnensa yana hannun wazirinsa. Shi kuwa Waziri Jatau, Allah ya ba shi kai, ya ba shi baki, amma ya hana shi ganin talaka da gashi. Idan ɗan dako ya gifta ta gabansa, sai ya ja hannun riga ya toshe hanci.

Wata shekara da damina ta faɗi, annobar amai da gudawa ta sauka a birnin. Mutum zai yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin la'asar an ɗauke shi a makara. Sarki ya tara fadawa ya ce, "Mutanena suna ƙarewa. Wa ke da shawara?"

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai abin a fili yake. Ciwon nan daga rumfunan masu tuwo yake fitowa, inda gayyar talakawa ke cunkushewa suna ci da ƙazanta. A kashe murhu, a rushe rumfa, annoba ta rasa masauki."

Sarki ya yarda. Mai shela ya zaga kasuwa yana cewa, "Sarki ya gaishe ku! Daga yau kowa ya ci a gidansa. Wanda ya hura wutar tuwon sayarwa, ya bar garin nan har abada!"

To, kowa ya ci a gidansa magana ce mai daɗi ga mai gida. Amma a bakin kasuwa akwai 'yan dako da fatake da gwagware fiye da arba'in waɗanda ba su da mata, ba su da murhu, ba su da ko tukunyar dafa ruwa. Cikinsu duk yana hannun mace ɗaya, Tabawa mai tuwo.

Tabawa ta ba hamsin baya. Gajeriya ce, baƙa, hannuwanta duk tabon wuta, bakinta kuwa wuƙa. Shekara ashirin da biyu tana tuƙa tuwo a gindin tsamiyar kasuwa. Mijinta Tunau gyartai ne, mai ɗinkin ƙwarya, kuma yana cikin mutanen farko da annobar ta ɗauka. Ranar shela ko kwana ashirin bai yi a ƙasa ba.

Ta kashe wuta kamar yadda aka ce. Kwana ɗaya, kwana biyu. Rana ta uku da hantsi ta fito ɗiban ruwa, sai ta ga wani ɗan dako mai suna Cindo durƙushe a bayan rumfar mahauta, yana tsintar ɓawon rogo a juji yana kai wa baki.

Ta ce, "Cindo! Kai ne haka?"

Ya sunkuyar da kai don kunya. Ya ce, "Iya, yau kwana uku. Jiya Ɗanlami abokin dakona ya faɗi da buhu a ka. Ba annoba ba ce, Iya. Yunwa ce."

Tabawa ta aje tulu a nan inda take. Ta koma rumfa ta jera duwatsun murhu, ta hura wuta, ta ɗora babbar tukunya. Kuma ba ta ɓoye ba, wallahi. Ɗanyen itace ta cusa da gangan, hayaƙi ya tashi har ana hango shi daga soron fada.

Kafin ruwa ya tafasa dogarai sun iso. Ta ce da su, "Ku dakata in tuƙa, bayin Allah nan su ci, sannan ku tafi da ni. In kuwa kuna sauri, ku ɗauke ni da tukunyar." Dogarai suka dubi juna, suka dubi mayunwatan da suka kewaye su. Suka dakata.

Da aka kai ta fada ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ta ɗaga kai.

Sarki ya ce, "Baiwar Allah, ba ki ji shela ba?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Da kunnuwana biyu."

"Kika kuma hura wuta?"

"Na hura. In an sake ni yanzu, gobe ma zan hura."

Fada ta ɗauki "Hattara! Hattara!" Waziri ya miƙe yana huci. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka ji ta da kunnenka. Mutum tara ne suka mutu daga cikin masu ci a rumfarta, har da mijinta. Tuwonta guba ne!"

Tabawa ta juya ta dube shi. Ta ce, "Tara ne, Waziri, ban musa ba. Na san sunan kowannensu, na san mai son miya da yawa da mai son ƙanzo. Amma laifi tudu ne. A zaurenka da ake ciyar da fadawa kullum, mutum nawa aka fitar a makara cikin watan nan?"

Can wani dattijo, Malam Ilu mai magani, ya ce a hankali, "Goma sha ɗaya."

Tabawa ta ce, "Ko su ma tuwona suka ci?"

Sarki ya gyara zama. Ya ce, "Kina nufin kin san abin da ke kashe mutanena?"

"Ina zato, Zaki. Amma in na faɗa da baki za a ce surutun mai tuwo ne. Gani ya kori ji. A ba ni izini gobe da rana in yi wa manyan fada tuwo a nan tsakar fada, kowa na kallo. In ban nuna maka hanyar da ciwon nan ke bi ba, ba sai an kore ni ba, da ƙafata zan fita."

Sarki ya ce, "An ba ki. Amma in kin gaza, kin bar garin nan, kuma a rushe rumfar."

Washegari da hantsi ta zo da tukunya da muciya da ƙore biyu na garin jar dawa, da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki uku. Ta san halin Waziri sarai, ba ya yarda da idon kowa sai nasa. Ai kuwa tana sauke kaya ya taso. Ya ce, "Tsaya! Ni zan duba garin nan da kaina, kada a ciyar da mu tsakuwa da kashin ɓera." Ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu cikin ƙwaryar da ke gaba har wuyan hannu, ya juya, ya murza, ya shaƙa. Bai ga komai ba. Ya karkaɗe hannunsa.

Tabawa ta ce, "Garin da hannun Waziri ya taɓa ya fi ƙarfin tukunyata. Zan aje shi don albarka." Ta ture garin gefe. Malam Ilu ya duba ɗaya garin har ya ɗanɗana, ya ce lafiya lau. Da shi ta yi tuwo, ta kaɗa miyar kuka, ƙamshin daddawa ya cika fada.

Sarki ba ya ci a bainar jama'a, don haka ya zauna yana kallo. Manyan fada su goma sha biyu suka kewaye babban akushi. Tabawa ta cika tsohuwar ƙwaryar nan da ruwan rijiya, ta aje gaban Waziri.

Al'adar birnin nan kuwa, babba shi ke fara tsoma hannu a ƙwaryar wanke hannu, sannan a miƙa wa na biye, har ta kai ga ƙarami. Ba a sake ruwan. Cewa suke yi albarkar babba tana cikinsa, kuma wanda ya nemi sabon ruwa ya yi wa na gaba da shi rashin kunya. Waziri ya wanke, Galadima ya wanke, ƙwarya ta zaga har ta dawo. Aka yi bisimilla.

Waziri ya kai loma. Fuskarsa ta murtuke. Galadima ya kai tasa, ya furzar. Nan da nan sai tofe-tofe da kakari, manyan mutane da rawunansu suna goge harshe da bakin riga. Ni dai da ina wurin da na yi dariya, ko da za a ɗaure ni.

Waziri ya yi tsawa. "Ɗaci! Guba! Ta sa mana guba! A kama ta!"

Tabawa ko gezau. Ta ce, "Malam Ilu, kai ba ka zauna a akushin ba. Miƙo hannunka." Ta ɗauki buta ta zuba masa ruwa yana murzawa da toka, ruwan yana zuba ƙasa. Ta kwaso tuwo daga tukunyar nan dai, ta sa masa a ƙaramin kwano shi kaɗai.

Malam ya ci loma, ya ƙara, ya suɗe yatsa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rabona da tuwo irin wannan tun uwata na da rai."

Sarki ya ce, "Tukunya ɗaya, miya ɗaya. To, daga ina ɗacin ya fito?"

Tabawa ta ce, "Daga hannun Waziri, Zaki. Garin da ya tsoma hannu ciki, dakakken ɓawon maɗaci na cuɗa da shi. Ya karkaɗe, ya duba hannunsa, ya ga fes. Hannu ɗaya ne ya ɗauko ɗacin. Ya wanke shi a ƙwarya, ƙwarya ta raba wa mutum goma sha ɗaya, su kuma suka kai akushi. Akwai wanda ya ga ɗacin da idonsa?"

Manyan fada suka dubi hannuwansu.

Ta ce, "To, haka ciwon nan yake tafiya. Mutum ɗaya zai zo da shi a hannu bai sani ba, mu kuma mu raba shi da sunan albarka."

Sarki ya ce, "Yaya aka yi kika gane?"

Tabawa ta dubi tsohuwar ƙwaryar nan. Ta ce, "Akwai wani majemi da ke ci a wurina, Barau. Saboda warin fata ba mai yarda ya haɗa hannu da shi. Shekara da shekaru a gefe nake ba shi nasa kwanon, in zuba masa ruwa da buta don kada ya taɓa ƙwaryar mutane. Kullum yana zuwa, tuwon da kowa ke ci shi yake ci, har yau ko ciwon kai bai yi ba. Waɗanda muka girmama da ƙwarya su suka tafi. Mijina Tunau kuwa, ranka ya daɗe, mutum ne mai kunya. Ko yaro ne baƙo sai ya ce ya riga shi wankewa. Kullum shi ne na ƙarshe. Ruwan da kowa ya gama da shi, shi yake samu. Kuma ni ce mai miƙa masa da hannuna." Ta share ido da gefen zane. "Bayan an binne shi na zauna ina lissafa wa ya tafi, wa ya rage. Sai na gane. Tun daga ranar ban ƙara aje ƙwarya gaban kowa ba sai yau. Jiya ma da buta na zuba musu."

Malam Ilu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, maganarta ta hau. Gidajen da na fi ɗauko gawa su ne masu babban akushi. Sai dai ita ma kada ta ce cunkoso ba laifi."

Tabawa ta ce, "Ban ce ba, Malam. A hana cunkoso, a hana ƙwarya, a hana akushin taro, duk na yarda. Amma kada a hana wuta. Mai gida ya ci a gidansa. Wanda ba shi da murhu fa, ya ci ƙasa?"

Sarki Nagoma ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Na yi doka da cikina a ƙoshe, na manta da masu yunwa. An janye ta. Ga sabuwa. Mai murhu ya ci a gida har Allah ya yaye mana. Marar murhu ya je rumfa da kwanonsa, ya zauna nesa da ɗan'uwansa. Wanda ya ji ciwo kada ya fito, a kai masa nasa ƙofar ɗaki. Ruwan wanke hannu kuwa a zuba shi ya tafi ƙasa, daga rumfar kasuwa har zauren fada." Ya juya ga Waziri. "Kai kuma, Jatau, tun da hannunka ya raba ɗaci, sai ya raba tsabta. Kwana arba'in kai za ka riƙe buta a rumfar Tabawa."

Waziri ya buɗe baki, ya dubi fuskar Sarki, ya rufe. Ya ce, "Na ji, na bi."

Haka kuwa aka yi. Washegari Cindo ɗan dako ne ya fara miƙa hannu, Waziri ya sunkuya ya zuba masa, kuma bai sami hannun toshe hanci ba don duka biyun suna riƙe da buta. Kafin kwana arba'in su cika, masu haƙa kabari sun fara samun hutu.

Amma kafin Tabawa ta bar fada ran nan, Sarki ya ce ta roƙi abin da take so. Ta ce ba ta son komai, izini kawai take nema ta yi abu ɗaya a gabansa. Ta ɗauko tsohuwar ƙwaryar nan. Ta shafa ɗinkin nan uku da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, don aikin hannun Tunau ne, kuma shi kaɗai ya rage mata na aikinsa. Sannan ta kifa ta a ƙasa, ta sa ƙafa ta taka. Ƙwarya ta ce ƙaras.

Wani bafade ya ce, "Ayya, Iya, da kin aje ta don tunawa."

Ta ce, "In na aje ta, wata rana wani babba zai zo in ji kunya in cika masa ita. Gara haka. Mai ɗinke ta dai ba ya nan."

Ta tattara sakainar ta ƙulle a bakin zane, ta ɗora tukunya a ka. Ta ce da dogarai, "Ku ba ni hanya, la'asar ta kusa, mutanena ba su ci ba."

Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan. Wanda zai ci tuwo a cikinku, ga buta can.