Tukunyar Dama

Kailu mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kurfai, yini guda a ƙafa daga Filinge. Ba mugu ba ne, amma yana da gaggawa, kuma tun da ya yi shekara huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ya daina tambayar dalilin komai. Gani yake ya riga ya sani.

Shekara goma sha uku bayan samun ƴancin kai, fari ya cinye gonaki. Mata suka koma jiƙa anza, ƴaƴan itacen daji masu ɗaci, don a samu abin ci. Gidaje bakwai na zuriyar tsoho Baushe suka kawo ɗan irin geron da ya rage musu, aka zuba a tukwane bakwai da ke jere a ɗakin ajiya. Al'adarsu ita ce a juye wannan cikin wancan har irin ya taru a tukunya ɗaya, a yaɓe bakinta da laka, kada yunwa ta sa wani ya taɓa.

Baushe ne ke wannan aiki, amma idanunsa sun mutu. Ya kira Kailu, ɗan ƙanensa.

"Ka hwara daga dama," in ji shi. "Ka bi su ɗaya ɗaya har ka ƙare ga ta hauni."

"To, Baba."

Da Kailu ya shiga, sai ya ga ta hagu ce kusa da ƙofa. Ya ce a ransa, ai lissafi ne, ko ta ina aka fara jimla ɗaya ce. Ya fara daga hagu, ya ƙare a tukunyar dama da ke jingine da bango. Ya yaɓe ta, ya rufe ɗaki.

"Daga dama ka hwara?" Baushe ya tambaya.

"An gama, Baba," Kailu ya ce, ya wuce abinsa.

Wata bakwai suna ɗaure ciki saboda tukunyar nan. Tasalla, matar Kailu, ta binne jaririyarta ba ta nemi ko tafi ɗaya na geron ba.

Ranar da ruwa ya sauka, aka taru da sungumi a ƙofar ɗakin. Aka fasa lakar. Baushe ya zura hannu, ya damƙo ƙasa da dusa. Ya shafa gefen tukunyar, ya taɓa bango.

"Wagga ta dama ce," ya ce a hankali. "Gindinta ya tsage tun zamanin ubana. Gara na bin bangon ga. Ta hauni ce ke bisa duwatsu."

Babu wanda ya zagi Kailu, kuma wallahi da zagin ya fi masa sauƙi. Suka tsaya suna kallon ƙasa ta jiƙe sharkaf, ba su da ƙwaya ɗaya da za su sa mata.

Mai karatu, in an ce maka fara daga nan, kada ka canza sai ka tambayi dalili. Wurin da ka fara shi ke zaɓar wurin da za ka ƙare, kuma tambaya ɗaya da Kailu ya raina ita ce ta ci damina guda ta gidaje bakwai.