Abin da Ya Sa Ƙaguwa ke Tafiya a Kaikaice

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani tsibiri, al'ada ce in baƙo ya sauka, mai gida ya bar masa ɗakinsa kwana uku. Da shamuwoyi suka fara zuwa shan iska, sai Gizo ya je wurin Ƙaguwa ya ce, "Iya, an yi baƙi, a fita kunya."

Ƙaguwa ta share ɗakinta, ta kwashe 'ya'yanta suka koma bakin ruwa cikin taɓo. Shi kuwa Gizo ya zagaya yana karɓar kifi a hannun baƙin a matsayin kuɗin ɗaki.

Rana ta huɗu Ƙaguwa ta dawo, ta tarar da wata shamuwar a kan tabarmarta. Gizo ya ce, "Ai wannan yau ta sauka, kwana ukunta bai cika ba."

Haka aka yi ta yi, wata na tashi wata na sauka, har shekara ta zagayo. Ƙaguwa ta ce, "Gizo, ka ji tsoron Allah! Uwata a ɗakin nan ta haife ni!"

Ya ce, "To kawo kifin da suke kawowa." Ina za ta samu, baƙi sun cinye na ruwan?

Sai shamuwa ta leƙo ta ce, "Wace ce wannan ƙazamar? Ta kauce, ta tare mana iska."

Har yau a kaikaice Ƙaguwa take tafiya, tana ba baƙo hanya a ƙasar ubanta.

Ƙurunƙus kan ɗan kifi! Ba don Gizo ba, da na ce ƙarya na yi muku.