Sajen Waziri

A can wani zamani mai nisa, an yi wani Sarki da ke da wanzami mai suna Mantau, wanda ya shekara talatin yana yi masa gyaran fuska. Da tsufa ya kama Mantau, ganinsa ya ragu, sai Waziri ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mai lalube ba a ba shi wuyan Sarki. Ga Jatau na kawo, hannunsa kamar walƙiya."

Mantau na durƙushe yana ji. Ba shi da wata sana'a, ga iyali sun dogara da askarsa.

Sarki ya nisa ya ce, "To, a gwada su a fuskarka, Waziri. Jatau dama, Mantau hagu."

Waziri ya zauna. Jatau ya zaro aska, shar, shar, ya gama, amma garin sauri ya ci saje har yatsa biyu. Mantau kuwa ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi, ya wasa aska a jikin fata, ya bi da yatsa daga gindin kunne zuwa gefen baki har ya gane iyaka. Sannan ya ja kunci da babban yatsa, yana ɗebe gashi kaɗan-kaɗan, yana bin kwanciyarsa. Layi ya fito sak.

Fadawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Waziri ya dubi madubi, ya ga sajen dama bai yi daidai da na hagu ba, ga shi ran nan zai tarbi manzannin wata ƙasa.

Mantau ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in daidaita." Ya sauke nasa layin ya yi daidai da na Jatau, ya share gefen biyu tsaf.

Sarki ya ce wa Mantau, "Ka ɓata shaidarka da hannunka."

Mantau ya ce, "Gashi mako guda ya tsiro, ranka ya daɗe. Mutuncin babba ba ya tsirowa da wuri."

Waziri ya tashi, ya cire alkyabbarsa ya yafa masa, ya ce, "Baba, na nemi a kore ka, kai kuwa ka rufa mini asiri. Na gode."

Sarki ya tabbatar da Mantau a matsayinsa, ya umarci Jatau ya koyi haƙuri a hannunsa. Mantau ya yi godiya. Ya goge askarsa, ya ce wa Sarki, "Allah ya ja zamaninka, ruwan bai huce ba. A matso da fuska."