Rubutun Likita

A wani asibitin talakawa, magani ya ƙare tun kafin azumi. Ranar da masu ba da tallafi za su zo jin bakin marasa lafiya, shugaban asibitin ya tare Gwaggo Tasalla mai fama da hawan jini, wadda tun rasuwar mijinta ba a taɓa ƙwararta a ciniki ba.

Ya ce, "Gwaggo, in kin yi ƙorafi, su ce mun gaza, su janye. In kin yaba, su ce mun wadata."

"To me zan ce, ɗan nan?"

"Ki yaba, amma su kawo magani."

Da baƙin suka iso, babbarsu ta tambaye ta, "Iya, kin gamsu?"

"Ƙwarai. Likitocin nan malamai ne. Su rubuta miki takarda, ki je gida ki wanke ki sha."

"Maganin fa?"

"Ai rubutun ke nan. Wata uku ina sha, ga ni da raina. Tawadar ce ke ƙarewa. Ku aiko musu da biro, ko abin da biron ke rubutawa."

Sati bai zagayo ba mota ta sauke magani. Tasalla ta ƙulle nata a bakin zane, ta dubi shugaban ta ce, "Saura la'adata, ɗan nan."