Takunkumin Ranar Baƙi

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai garejin fentin motoci. Allah ya buɗa masa, har sai mota ta bi layi kafin ta samu shiga. Takunkuman rufe hanci da baki da doka ta ce a ba masu feshi ya saye su kam, masu kyau, amma a kabad ɗin ofishinsa suke kwana. Ranar da ya ji jami'an ƙwadago za su zo duba wurin, sai a fito da su a rarraba kamar kayan aro. Baƙi na juya baya, a tattara a mayar, wai kada su tsufa.

Cikin ma'aikatansa akwai wani da ake ce wa Dogo, mai mata da ƙananan 'ya'ya. Aikin nan shi ne cinsu, shi ne shansu. Da yamma in ya fyace hanci, matarsa takan gane launin motar da ya fesa, har ta riƙa tsokanarsa wai jiya shuɗi, yau ja. Su yi ta dariya, ba su san abin kuka ba ne.

Akwai kuma dattijon wurin da kowa ke kira Kawu, shi ya koya wa Dogo aikin. Tari ya kama Kawu ya ƙi saki. Maigida ya ce tsufa ne, ya sallame shi hannu wofi. Da ya ga sauran suna yawan fita shan iska, sai ya ɗauko kujerarsa ya dasa a ɗakin feshin, ya sa a rufe ƙofa don kada ƙura ta ɓata masa fenti. Nan yake wuni yana gadinsu. Iskar da ke shiga ƙirjinsu, ta ina ya zaci za ta kauce masa?

Ba a daɗe ba Kawu ya rasu. Da jami'ai suka sake zuwa suka tafi, kowa ya miƙa takunkuminsa, ban da Dogo.

"Maigida, ka bar mini shi don Allah. Ƙirjina ya fara irin na Kawu."

"Ajiye mini kayana ka kama gabanka," in ji maigida.

Dogo ya koma gida jiki a sanyaye, ya rasa da wane ido zai kalli yaransa. Yayan matarsa ya ce ya kai kuka ofishin ƙwadago. Dogo ya ji nauyi, wai yaya zai kai ƙarar mutumin da ya ci abinci a hannunsa? Surukin ya ce guminsa ya ci, ba sadaka ba, kuma in ya yi shiru, waɗanda ya baro a ɗakin nan fa? Wannan maganar ce ta tashe shi, ya je ya kai ƙarar.

Wannan karon jami'ai ba su aiko ba, ganinsu kawai aka yi. Suka tarar da ƙofa a rufe, ma'aikata sun ɗaure hanci da tsummoki, maigida na kan kujera. Aka garƙame garejin. Kotu ta ce a duba lafiyar kowa, maigida ya biya magani, ya biya haƙƙin waɗanda ya kora, ya ba iyalan Kawu diyya. Masu kawo motoci suka watse. Ya sayar da gareji, ya sayar da gida. Sannan tari ya zo masa shi ma, bai tarar da abin da zai sayar ba.

Shi kuwa Dogo, likita ya ce masa ya gode wa Allah, an tari abin da wuri. Korar da ya yi kuka a kanta ita ce ta fitar da shi da sauran numfashinsa. Ya warke, ya samu aiki inda ake ba ma'aikaci kariya da hutu da albashi a kan lokaci. Har yau in ya ɗaga ƙaramar 'yarsa sama bai ji haki ba, sai ya ce alhamdu lillahi.

Da ya ji tsohon maigidansa na kwance a asibiti, ya je dubiya. Mutumin da muryarsa ke cika gareji, yanzu sai ya huta a tsakiyar magana. Ya kama hannun Dogo, ya roƙe shi ya yafe masa duk abin da ya yi wa ma'aikata.

"Nawa na yafe, maigida, duniya da lahira. Amma na Kawu ba a hannuna yake ba."

Mutumin ya juya fuskarsa bango. Ina zai samu Kawu?

Ya 'yan uwa, haƙƙin ma'aikaci ba ladan aikinsa kaɗai ba ne. Lafiyarsa amana ce a wuyan wanda ya ɗauke shi. Mu gode wa Allah da ya sa akwai doka, akwai ƙofar da mai rauni zai ƙwanƙwasa a saurare shi. Kai ma'aikaci, neman haƙƙinka ba butulci ba ne. Kai kuma maigida, ka gode da kake da sauran lokaci, waɗanda za ka nemi afuwarsu suna nan da ransu.

Allah ya saka wa masu tsaya wa ma'aikata da alheri. Allah ya kiyaye mu da haƙƙin wanda ƙasa ta riga ta rufe, amin.