Harawar da Nomau Ya Mayar

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can saman duwatsu, tun mota ba ta san hanyar wajen ba. Sunansa Nomau. Abin da zan gaya muku kuma ba a bakin wani na ji ba. Ni Makau na riga kowa gani, da idon nan guda da agana ta bar mini. Waɗanda suka gani bayana duk ƙasa ta rufe su, ni kaɗai na rage, don haka ku gyara zama ku saurara. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma a kan maganar doki babu mai zaunar da ni.

Ɗazu da aka fito da dawakin nan fili, na ji wani mai babur yana tambayar abokinsa, wai wannan doki ne ko akuya ce ta yi geza. Na ji ka, ɗan nan. Ban yi fushi ba, kakanninka sun faɗi wadda ta fi wannan.

Ƙuru ake ce masa. Gajere ne, mai kaurin wuya, mai tumbi, gashi buzu-buzu. Kofatonsa kamar daga dutsen da yake takawa aka sassaƙo shi. Ba ya jiran hatsi, ciyawar tsakanin duwatsu da 'yar kanwa sun ishe shi. Ƙudan da ke kayar da manyan dawaki da damina, shi jela kawai yake kaɗa masa. Shekarar da maciji ya sare ni a gonar acca, ƙafata ta kumbura kamar turmi, ƙuru ne ya sauko da ni ta hanyar da mutum ma sai ya dafa da hannu, har ƙofar mai magani. Ba don shi ba, da yau wani ne ke yi muku magana.

To, sai aka shiga yayin dogon doki. Fatake suka riƙa hawowa da ingarmu masu doguwar ƙafa, jiki na sheƙi. Kowa ya ga ƙurunsa ya zama abin kunya. Mai goɗiya ya kai ta wurin ingarma don ta haifa masa dogo. Mai namiji ya kira mai dandaƙa. Aka yi ta yi, aka yi ta yi. 'Ya'yan da aka samu kuwa ga kyau, amma kofato ya tsage a dutse, ƙuda ya cije su, su rame, su kwanta. Shekarar da ruwa ya cinye hanyar gangare, hatsi na can ƙasa a kasuwa, yara na kuka a sama, dogayen nan babu wanda ya iya hawowa da buhu. Tsofaffin goɗiyoyin ƙuru da aka yasar a bayan gari, su suka ciyar da mu. A nan ido ya buɗe, amma a makare. Goɗiyoyi saura 'yan kaɗan, duk sun fara furfura a baki. Namiji kuwa saura ɗaya tal, tsoho tukuf, yana hannun Nomau.

Shi Nomau talaka ne, gonar acca da ta rizga, sai matarsa Delu. Ba ya magana a taro. Shekara da shekaru ana kiransa Sarkin Gajeru, yana amsawa. Duk sa'ad da mai dandaƙa ya yi masa sallama, sai ya ba shi ruwa ya sha, ya raka shi bakin hanya. Da mutane suka dawo hayyacinsu suka riƙa kawo goɗiyoyi, bai hana kowa ba, bai karɓi komai ba, don malamai sun hana karɓar lada a kan barbara. Amma tsohon ƙarfinsa ya ƙare. Goɗiya ɗaya ce ta ɗauki ciki, ta Nomau, wadda yake kira Raɓa. Kafin damina ta ɗauke, tsohon ya mutu. Gari gaba ɗaya ya zuba wa cikin Raɓa ido.

Ku saurara da kyau, nan maganar take.

Wata safiya zan tafi gona, na leƙa ta saman shingen Nomau, sai ga duƙushi a ƙasa, uwarsa ba ta ma gama lashe shi ba. Namiji. Gajere, mai kaurin wuya, ƙuru sak. Ni na fara ganinsa, ni na kai labari cikin gari, kuma har yau ba a yi mai gudu irin nawa na ranar ba. Kafin azahar ƙofar gidan Nomau ta cika da dammunan harawa, da dusa, da kanwa. Mutumin da awakinsa ke kwana da yunwa ya ɗauko harawarsu ya kawo. Mai unguwa Barmo, kawun Nomau, ya tsaya ya ce duƙushin nan na gari ne, kowa zai ciyar da shi har ya isa barbara, kada wanda ya sake gangarawa da goɗiya wurin dogo. Kowa na murna, ban da mai gidan.

Da la'asar ya ja kawunsa bayan gida, ni ma ina wurin. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, ban san uban duƙushin nan ba."

Ya ba mu labari. A kwanakin da yake haɗa Raɓa da tsohon, wata safiya ta tsinke talala. Ya bi sawu har fadama, ya same ta tana kiwo gefen ingarman wani falke, shi ma ya tumɓuke turkensa. Bai ga barbara da idonsa ba. Su biyu kawai ya gani, babu mutum. Ya ce da ta haifi dogo, da magana ta ƙare, babu wanda zai ruɗu. Amma ta haifi gajere, kuma duk mun sha gani, ɗan dogo ya ɗauko uwarsa a kama, sai a 'ya'yansa doguwar ƙafar ta fito.

Barmo ya duba kunne, ya duba kofato, ya zagaya duƙushin. Ya ce, "Wa ya gan su a fadamar?"

"Allah."

"Ban da Shi fa?"

"Babu, Kawu."

Barmo ya ce to ai shi ke nan. Ya rage murya ya ce wa Nomau ya yi shiru, ba don kansa ba, don irin ne. Goɗiyoyi sun tsufa, mutane da ƙyar suka juyo. In ya buɗe baki za su karaya su koma wa dogo, ƙuru ya ƙare a hannunsa, shi da ya sha zagi a kansa. Kun ji fa, ba mugun abu ya kira shi gare shi ba. Irin wannan jarrabawa ta fi wuya, wadda ƙarya ke zuwa da rigar taimako. Ya juyo ya tambaye ni me na gani. Na ce idona ƙuru yake gani, amma idona ba ya fadama ranar.

Nomau ya dubi kawunsa. Sannan ya ce, "Kawu, in na yi shiru ba ƙuru na tsare ba, sunansa kawai na tsare. Za su hana awakinsu su ba shi, su jira shi har goɗiyoyinsu su wuce haihuwa, a kan maganar da ni kaina ban tabbatar ba."

Washegari ya fara ɗaukar harawa a ka. Dami ɗaya, gida ɗaya. Ya yi sallama, ya ajiye, ya ce, ga harawarku, ban san uban duƙushin ba. Ya koma ya ɗauko wani. Ga harawarku, ban san uban duƙushin ba. Ga dusarku. Ga kanwarku. Wasu suka roƙe shi ya bar ta, ya ce ba don wannan suka kawo ba. Wani tsoho ya ce masa ya kashe irin da bakinsa. Wani shaƙiyyi ya ce a kai shi gaban alƙali, ya yi wa Raɓa ƙazafi ba shaidu. Aka yi ta dariya, maganar ta bi mata 'yan kasuwa har garuruwan da ba mu sani ba. Wasu suka kwance goɗiyoyinsu suka gangara wurin dogo, kamar yadda Barmo ya faɗa. Barmo kansa ya daina amsa gaisuwarsa. Nomau bai fasa durƙusa masa ba.

Delu ma ba ta bar shi ba. Ta ce ita dai ta auri mutumin da ko arziki ya yi masa sallama sai ya tambaye shi ɗan gidan wa ne. Amma ita ce ta tuna masa da Tabawa. Wata tsohuwa ce can bayan duwatsu, ba yarenmu ɗaya ba, mijinta ya mutu ya bar mata jan ƙuru namiji. Kowa ya san da ita. Tun ana neman namiji Barmo ya aika mutane, ta kore su da taɓarya, ta ce mutanen wajenmu maɓarnatan iri ne. Nomau ya ce zai gwada, ko Raɓa kaɗai ta yarda a bari wurin namijin nata.

Bayan girbi, da aka yaye duƙushin, muka kama hanya da Raɓa. Na bi shi don babu wanda ya san duwatsun nan kamar ni, a da ko a yanzu. Muka same ta tana sheƙar acca. Ba ta ba mu wurin zama ba. Ta tambaye mu daga ina, muka faɗa. Ta ce garin masu dandaƙa ke nan. Ta ci gaba da aikinta kamar ba mutane a gabanta. Can ta ce ai ta ji an haifa mana namiji, me kuma muka zo nema.

Nomau ya ce, "An haifa, Iya, amma ban san ubansa ba."

Ta ajiye faifan. Ta dube shi tun daga ƙafa har kai.

"Kai ne mai mayar da harawa?"

Ya ce shi ne. Ashe labarin ya riga mu zuwa. Mata sun kawo mata shi don ta yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba.

Ta ce, "Duk wanda ya zo nan rantsuwa yake yi mini. Kai ne na farko da na ji ya ƙi rantsewa."

Ya roƙe ta ta bar Raɓa wurin nata na 'yan kwanaki. Ta ce goɗiya ɗaya ba ta tayar da iri. Ta ce ta tsufa, 'ya'yanta keke suke so, ranar da ta rufe ido mahauta za su kira. Ta shiga bayan ɗaki ta jawo jan ƙurun nan, ta sa ragamarsa a hannun Nomau. Sharaɗinta kawai, duk ɗan da aka yi shakkar ubansa a faɗa, kamar yadda ya faɗa. Dokin da ta hana manya da rantsuwarsu, ta miƙa wa Sarkin Gajeru.

Da muka shigo gari da shi, wanda ya fara kawo goɗiya Barmo ne, yana ta kallon ƙasa. Nomau ya durƙusa ya gaishe shi kamar ba a taɓa yin komai ba. Bai karɓi ko ƙwayar acca a hannun kowa ba. Waɗanda suka yi gaggawar gangarawa, da suka dawo, bai tuna musu ba. 'Ya mace ta farko da Raɓa ta haifa, shi ya ja ta da ƙafa ya kai wa Tabawa. Duk waɗannan da kuke gani ɗaure a filin nan, daga jan nan suka fito.

Duƙushin fa? Nomau ya kira mai dandaƙa da kansa, karo na farko kuma na ƙarshe a gidansa, ya riƙe masa kai yana shafa shi. Ya ajiye shi yana ɗaukar masa kaya har tsufa, bai taɓa ɗaga masa sanda ba. Kada ku tambaye ni ɗan wa ne. Ban sani ba, Nomau bai sani ba. Mai yiwuwa ƙuru ne tsantsa. Nomau ya rasu talaka kamar yadda ya rayu, Allah Ya jiƙan sa.

Ga darasin, ba zan ɓoye muku shi a cikin zance ba. Abin da ba ka tabbatar ba, kada ka bari mutane su jingina da shi, ko da shirunka ya yi kama da alheri. Ƙarya ba ta tsare abu, gaskiya ce ke tsarewa, ko ta fara da jawo maka dariya. Kai mai sayar da irin shuka, kai mai shaidar ɗan wani wurin neman aure, kai mai akuya a kasuwa, in akwai fadamar da kai kaɗai ka sani, ka faɗa. Ku kuma masu ƙuru, yanzu da baƙi suka fara zuwa kallo suna tambaya ko tsantsa ne, na ga bakin wasunku ya fara saurin rantsuwa. Ku bari. Kuma abin da Allah Ya halitta daidai ƙasarku, kada ku raina shi don gajere ne. Mun raina, mun ga abin da ya biyo baya.

Wanda kuwa yake ganin tsoho ya ƙara gishiri, ga goɗiyata can gindin ɗorawa, jinin Raɓa ce. Gobe da safe ya same ni a gindin dutsen gabas, ya zo da baburinsa ko da dogon dokinsa, duk wanda ya fi yarda da shi. Ni da tsufana da idona guda, ko sirdi ba zan ɗaura ba. In ya riga ni kaiwa sama, ya kira ni maƙaryaci a gaban jama'a, zan amsa. In ya maƙale a hanya, ya zauna inda yake, za ta sauko ta ɗauko shi.