Wankan da Da'u Ya Yi wa Albasa

A Toranke akwai wani manomi mai suna Da'u. Yana da ƙwazo, amma ba ya iya jira, ko shayi aka ba shi sai ya ƙona harshe. Bana shi da yayarsa Hansai suka haɗa iri suka yi rainon albasa a fadama. Mijin Hansai ya rasu, da wannan albasar take sa ran ciyar da 'ya'yanta har damina.

Ana dab da dashe, ƙwari suka sauka a kan lawashin. Da'u ya goya injin feshi ya fesa magani, sai ya ga ruwan yana dunƙulewa yana gangarewa ƙasa, ganyen ko jiƙewa bai yi ba. Ya ja tsaki, ya ce datti ne ya rufe shi. Ya koma gida ya ɗauko garin sabulun wankin matarsa.

Hansai ta tarar da shi yana kaɗa kumfa. Ta murza ganye ɗaya, ta nuna masa farin abin da ya fita a yatsanta. Ta ce wannan ba datti ba ne, kaki ne da ganyen ke fitarwa ya lulluɓe jikinsa, shi ke hana rana zuƙe ruwan ciki, shi ke tare cuta. Ta roƙe shi ya bari sai ranar kasuwar Ajingi, a sayo maganin da aka yi don feshi ya kama ganye.

"Kaki ne, Da'u, kaki ne," ya maimaita yana siranta murya irin tata. "To Yaya, su ƙwarin kin gaya musu su jira kasuwa?"

Ya juye ledar sabulun gaba ɗaya cikin injin, ya yi feshi rana tsaka. Ruwan ya kwanta luf. Ya waiwayo yana murmushi.

Washegari kan ganyen ya yi fari. Ya ƙara ban ruwa, bai hana komai ba, abin da saiwa ta ja sama rana ke kwashewa. Kafin Juma'a lawashin duk ya kwanta ya bushe. Da'u ya zaga maƙwabta neman iri, kowa ya riga ya dasa nasa, lokacin sabon raino kuma ya wuce.

Ya sami Hansai tsaye a bakin fangalin da suka yi rainon. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ƙwarin dai sun mutu, Yaya."

"Sun mutu," in ji ta. "Ka je ka gaya wa yarana."

Darasin shi ne, ba duk abin da ya tare maka hanya ne datti ba, wani kariya ce Allah Ya sanya. Kafin ka wanke abin da ba ka san amfaninsa ba, ka tambaya, ka kuma saurari amsar, musamman idan abincin wani na ciki.